Kafin Ruwa Ya Iso Maƙabarta

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai kora iska ta ɗauko girgije, Mai saukar da ruwa da gwargwado, Wanda Ya san makwancin kowane ɗigo tun bai bar sama ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Ya Allah Ka daidaita mana harshe, Ka sa abin da za mu karanta ya zame mana tunatarwa.

SHAFI NA 31

Na ga saƙonninku da ƙorafin jinkiri, ku gafarce ni. Mun tsaya a inda Dakta Zakiru, malamin jami'a a ƙasar Faransa, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa wajen bincike da koyar da yadda iska ke bin fiffiken jirgin sama, ya zo hutu gida Dakoro. Ya tarar an ɗaga sabuwar hanyar mota, ta tare tsohuwar magudanar unguwarsu. Ya auna ƙasa, ya zuba awon cikin ordinatarsa, wato kwamfuta, ta nuna masa cewa ruwan daminar bana ba shi da mafita sai ta gefen maƙabarta, inda ɗiyarsa ta fari, Laila, take kwance. Yau ya kai maganar gaban ƙanen mahaifinsa, Malam Nafi'u, limamin unguwa.

An idar da Azahar, jama'a ta watse, zauren Malam ya rage mutum uku. Zafi ya danne gari, irin dannewar da kowane manomi ya san abin da ke bayanta. Ko ganyen dogon yaron ƙofar gida ba ya motsi.

Zakiru ya durƙusa, ya buɗe ordinatar a kan tabarma, ya juya fuskarta wajen tsohon.

"Baba, duba nan. Wanga layi hanyar mota ce. Nan kwari. Nan kuma maƙabarta."

Malam Nafi'u ya gyara zaman tabarau. Ya ga wani shuɗin launi yana rarrafe a kan hoton ƙasar unguwarsu. Ya taru a jikin hanya, ya kumbura, ya nemi wurin wucewa ya rasa, sai ya juyo kamar macijin da aka toshe wa rami, ya gangaro yana lasar gefen maƙabarta. Inda ya fi ci, launin ya rikiɗe ya zama ja.

"Jan nan fa?"

"Nan ƙasa za ta zabtare, Baba."

Arzika, yayan Zakiru, dillalin shanu a kasuwar Dakoro, yana tsaye jingine da bango. Tun shigowarsa ya ƙi zama.

"Silima ce, Baba," in ji shi. "Silima ya kawo maka. Wanda ya tahi ƙasar Nasara karatun iska, mi kake jira ya kawo maka tsaraba?"

"Arzika."

"Na yi shiru."

Malam ya cire tabarau, ya dubi Zakiru ido cikin ido.

"Zan tambaye ka, ka amsa mini kamar kana tsaye gaban Wanda Ya halicce ka. Ka san gaibu?"

"A'uzu billahi. Ban sani ba, Baba."

"To mine ne wanga?"

"Ban san ranar da ruwa zai sauka ba. Ban san yawansa ba. Wannan na Allah ne Shi kaɗai. Abin da na sani, in ya sauka kamar na bara, gangare zai bi, don haka Ubangiji Ya halicce shi. Iska da ruwa dangin juna ne, Baba, doka ɗaya suke bi. Ita nake koya wa ɗalibai. Da ita ake auna jirgi kafin a ɗora rayukan mutane a cikinsa."

"Na'urar ba ta kuskure?"

Zakiru ya dubi jan da ke kan hoton.

"Tana yi. Tun da na fara wanga aiki nake roƙon Allah lissafina ya hita daidai. Kwanakin nan kuwa, wallahi roƙonSa nake ya zamo na yi kuskure. Na rage ruwan, na ƙara wa ƙasar tauri, na yi wa na'urar duk dabarar da zan hana ɗalibi ya yi. Na aika wa abokan aikina suka sake lissafin a babbar na'urar jami'a. Duk inda aka biyo, jan nan shina nan."

"To a tare shi mana. A zuba buhunan yashi."

"Na gwada a ciki. Ruwa ba ya ɓacewa, Baba, hanya yake sakewa. In na tare shi nan, gidajen gangare zai shiga, gidan maƙwabtanmu su Baraka ne na farko, da yara cike da ɗaki. Masu aikin hanyar kuma sun kwashe kayansu. Na kira su, sun ce sai bayan damina."

Malam ya ja tasbaha.

"Rayayye shi ke gaba da mamaci. Ba a tare shi ke nan. Kaburbura nawa jan ya ci?"

"Layin yara ne. Na shekarar sanƙarau. Daga ƙasa zai fara ci, ya hauro."

"Ƴaƴan mutane ne su ma."

"Na sani, Baba. Zan bi iyayensu gida gida. Amma da wane baki zan ce wa mutum ya ɗaga ɗansa, in ban fara da..."

Ya tsaya. Ɗan Dakoro ba ya kiran sunan ɗan farinsa a gaban manya, ko da ya sha ruwan ƙasashe bakwai, sai dai ya jingina shi ga yayansa.

"...in ban fara da ɗiyar Yaya ba?"

Malam ya gyaɗa kai a hankali.

"Ku saurara ku biyu. Kabari gidan mai shi ne, ba a buɗe shi don wasa, ba a buɗe shi don son rai. Amma malamanmu na fiƙihu sun yi sauƙi: idan aka ji tsoron ruwa zai cinye mamaci, ya halatta a ɗaga shi zuwa inda ya fi aminci, da sharaɗin a kiyaye alfarmarsa, a suturta shi, kada idon da bai kamata ba ya gani. Ilimin da yaron nan ya zo da shi, awo ne, ba duba ba ne. Na yarda a ɗaga ta."

Zakiru ya kifa goshinsa a kan tabarma.

"Alhamdu lillahi. Allah Ya saka, Baba. Yaya, mu tahi yanzu, tun..."

"Ban yarda ba."

Arzika ne ya faɗa daga jikin bango.

"Yaya?"

"Na ce ban yarda ba! Ɗiyata ce, ba kai ka ce ba? To ni ubanta na hana."

"Arzika, ka ji hukuncin," in ji Malam.

"Na ji, Baba. An ce ya halatta, ba a ce wajibi ba ne." Ya juyo kan ƙanensa, idanunsa sun kaɗa. "Ina kake ranar? Iye? Ina kake? Kana can kana kare littahinka na zama dakta gaban Nasara, an sa maka riga mai faɗi ana tafa maka. Ni na ɗauke ta a hannuna daga gidan likita. Ni na hana a kira ka sai ka gama, don kada karatunka ya lalace. Ni na shiga ramin. Yau ka zo da akwatin silima ka ce in tone abin da na rufe?"

Kowace kalma ta sami Zakiru a inda ciwon yake. Bai musa ko ɗaya ba. Ya ja gwiwa ya isa gaban yayansa, ya kama ƙafafunsa biyu.

"Gaskiya ka hwaɗa, Yaya. Ba ni nan. Ban ɗauke ta ba, ban sallace ta ba, ban zuba mata ƙasa ba. Abu ɗaya ya rage da zan iya yi mata a duniya, shi ne wanga. Hutuna ya ƙare. Shugaban sashenmu sai kira yake, ɗalibai suna jiran jarrabawa, na kashe wayar. In aikin zai tahi, ya tahi. Amma kada ka bar ni in tsaya bakin kwari gobe ina tsintar likkafani a cikin laka. Don girman Allah, Yaya. Don darajar mahaifinmu."

"Sake ni."

"Ba ni sakinka."

"Zakiru, sake mini ƙahwa!"

"Duke ni in kana so. Ba ni saki."

Malam Nafi'u bai ɗaga murya ba. Kallon Arzika kawai yake yi, irin kallon wanda ya yi wa mutum huɗuba a kunne ranar haihuwarsa.

"Arzika, zauna."

Ya zauna.

"Na san ka tun kana cikin tsumma. Kai mai zafi ne, amma ba mugu ba ne. Wanda ya shiga ramin yarinya da hannunsa ba ya yarda ruwa ya tahi da ita don ya huce haushin ƙanensa. Wanga ba shi ne dalilinka ba. Mi kake ɓoyewa?"

"Babu komi, Baba."

"Ga Alƙur'ani can bisa tebur. Ba zan ce ka dafa ba. Ina dai tuna maka cewa a ɗakin da yake kake magana."

Arzika ya dubi bango, ya dubi ƙasa. Ƙaton mutumin da ke kama bijimi da ƙaho ya sa hannu biyu ya rufe fuskarsa.

"Ban san shi ba."

"Ba ka san wa ba?"

"Kabarin. Ban san wane ne nata ba."

Zakiru ya saki ƙafafun a hankali.

"Yaya, mi kake cewa? Kai ka kai ni. Ka nuna mini da hannunka. Na can sama, kusa da hanyar shiga."

"Ƙaddarawa na yi."

"Ƙaddarawa?"

"Ranar da muka sa ta, ita kaɗai ce a wurin. Na kafa reshe wajen kanta. Da aka yi sadakar uku na bi shanu kudu, zaman gidan ya gagare ni. Kafin in dawo ciwon ya ɗebi yaran unguwa, layi ya yi tsawo, dabbobi sun ture reshen, iska ta baje tudun. Duk sun zama ɗaya. Ban sani ba, daga gare ta sama aka ci gaba da haƙa, ko ƙasa aka gangara. Na ce zan tambayi Mamani mai haƙa, ina jin nauyi, ina jan ƙahwa, har shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Da ka zo ka ce in kai ka, na dubi idonka, na kasa. Sai na nuna maka wanda ya hi kyau."

Can cikin gida aka daina daka.

"Duk zuwan da nake yi," in ji Zakiru, muryarsa kamar ta mai magana cikin barci. "Duk tsayuwar da nake yi a wurin. Ina ba ta labari. Ina neman gafararta. Ɗan wani nake wa magana?"

"Ka yafe mini."

"Baba, kai ka yi mata salla. Kai ba ka tuna ba?"

Malam ya sunkuyar da kai.

"A wancan makon na sallaci yara har na daina ƙirgawa, ɗana. A fili nake tsayawa, gwiwata ba ta kai ni bakin rami. Addu'arka kuwa ba ta ɓata ba. Wanda kake roƙo Ya san inda take, ba Ya bukatar reshe."

"To mu buɗe na saman mu gani. In ba ita ba ce mu rufe, mu buɗe na ƙasan."

"A'a."

"Baba!"

"A'a, Zakiru. Ba a buɗe kabarin Musulmi bisa zato. In ka buɗe, da mi za ka gane ta bayan shekarun nan? Ka ɗauki ƙasusuwan ɗan wani ka kai wani wuri ba da sanin ubansa ba? Izinin da na bayar, na ɗiyarku ne. In ba a san ta ba, babu izini, sai an tara iyayen layin duka sun amince. Wasunsu suna Birnin Lalle, wasu sun bi dabbobi arewa."

"Wannan ai sai mako!"

"Sai abin da Allah Ya yi."

Zakiru ya waiwaya ya dubi ordinatar. Shuɗin launin yana ta maimaita tafiyarsa, ya taru, ya kumbura, ya juyo, ya ci. Na'urar da za ta gaya masa gudun ruwa a kowane taƙi na ƙasar nan, ta gaya masa inda zai yi juyi da inda zai yi haƙa, ba ta da abin cewa a kan tambaya ɗaya tak da ta dame shi. Ya ji duk takardun da ya tara, da duk ɗakunan karatun da ya tsaya a gabansu, sun yi masa nauyi a ƙirji kamar an ɗora masa dutsen niƙa.

Sai ganyen dogon yaro ya motsa.

Wata iska mai sanyi ta shigo zauren, ta ɗaga gefen tabarma. Su ukun suka dubi ƙofa. Gabas ta haɗe, baƙi ƙirin, tun daga ƙasa har sama.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Arzika.

Zakiru ya miƙe, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa. Bai san inda zai sa kansa ba.

"Zan je in kwanta a wurin. In ruwan ya zo ya tahi da mu tare."

"Ka ji tsoron Allah, kada ka ƙara hwaɗin haka," in ji Malam.

"Salamu alaikum."

Muryar mace ce, daga ƙofar da ke shiga cikin gida. Suwaiba ce, matar Zakiru, wadda ta zo taya iyalin Malam daka. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, lulluɓe, kanta a ƙasa.

Suwaiba ita ce mahaifiyar Laila. Tun ranar suna ba a taɓa jin sunan yarinyar a bakinta ba, sai dai "waccan" ko "ɗiyar Yaya". Ranar rasuwa ba wanda ya ga hawayenta. Mata suka yaba, suka ce ta cika mai alkunya. Zakiru kuwa, ko da ya san al'adar, abin ya tsaya masa a rai, har yakan ce a zuciyarsa ashe shi kaɗai aka yi wa mutuwa.

"Koma ciki, Suwaiba," in ji Arzika. "Maganar maza ce."

Ba ta motsa ba.

"Baba, a gafarce ni. Na ji abin da ake cewa."

"Muna jin ki, ɗiyata."

"Ni na san shi."

Arzika ya zabura.

"Kin san mi? Mace da maƙabarta? Ke da kina cikin ɗaki, mata sun kewaye ki?"

"Na ce musu zan kewaya. Na hita ta bayan darni, na bi ku daga nesa. Na laɓe bayan aduwar da ke kan tudu. Ina kallo ka shiga ramin, Yaya. Ina kallo ka hito kana share ido da hannun riga."

Arzika ya kau da kai gefe.

"Da kuka watse na gangara. Na ga reshen da ka kafa, na san ba zai kwana biyu ba, awaki na bi ta nan. Ina riƙe da ƴar moɗar ƙarhen da take shan ruwa da ita. Na haƙa da hannuna wajen kanta, daga waje, har gwiwar hannu, na binne ta. Duk shekara in an yi ruwan farko nakan ce zan tahi ɗebo itace. In je in taɓa, in ji tana nan, in mayar da ƙasa."

Zakiru yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

"Kina ganina ina tahiya wancan na saman, ba ki taɓa ce mini komi ba?"

"Da wane baki? In ce na je inda aka hana mata? In ce Yaya ya yi kuskure, shi da ya ɗauke ta? In ce ina bin kabarin ɗiyar fari, a yi da ni a gari?" Muryarta ta karye. "Na ce Allah shina kai addu'a inda aka nuhe ta. Amma ruwa ba addu'a ba ne."

Ta ɗago kai ta dubi Malam.

"In na yi laihi, Baba, a yi mini hukunci bayan an ɗaga ta."

Hawaye ya gangaro cikin farin gemun tsohon.

"Allah Ya yafe mana, mu da muka sa uwa ta yi ta'aziyyar ɗiyarta a ɓoye kamar ɓarauniya. Matso, ɗiyata. Nuna mana."

Zakiru ya tura mata ordinatar. Ya tsayar da hoton, ya faɗaɗa layin yaran.

"Ga hanyar shiga. Ga aduwar. Wane ne?"

Ta daɗe tana dubawa, don ba ta saba ganin ƙasa daga sama ba. Sannan ta ɗora yatsa a kan aduwar, ta jawo shi. Ta wuce na saman. Ta wuce na tsakiya, inda shuɗi yake. Ta shiga cikin ja. Ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshen layin, a kan leɓen kwari, inda jan ya yi duhu har ya kusa zama baƙi.

"Nan. Daga gare ta sama aka ci gaba."

Zakiru ya runtse ido.

"Zakiru," in ji Malam, "hwaɗa mini gaskiya. In ya sauka yanzu da ƙarhi, wane lokaci gare mu?"

"Wurin nan shi ne zai fara tahiya, Baba. In ya fara da La'asar, ba ya kai Magariba."

Aradu ta tsage a gabas. Ƙofar zaure ta bugu da bango.

Malam Nafi'u ya dafa sandarsa ya miƙe, miƙewar da ya daɗe bai yi irinta ba.

"Arzika, ɗauko diga da felu na haƙa, ka kira mutum biyu masu riƙon amana. Ka aika gidajen da ke kusa, duk mai ɗa a layin nan ya same mu can. Zakiru, shiga ɗakina, ƙarƙashin gado akwai farin ƙyalle, nawa ne na ajiye, ɗauko shi. La'asar a can za mu yi ta."

"Ita fa?" in ji Arzika, yana nuna Suwaiba. "Gari zai gani, Baba."

"Gari ya gani. Ita ce gaba, mu muna bayanta."

Suka fito. Iska tana kwasar kara tana watsawa, yara suna kora awaki gida, mata suna kwashe shanya a guje. Mutane suka tsaya bakin ƙofofinsu suna kallon abin da ba su taɓa gani ba: mace a gaba, liman a baya, sun nufi maƙabarta.

Ba su kai ga sabuwar hanya ba, ɗigon farko ya faɗo a bayan hannun Suwaiba, mai kauri, mai sanyi. Na biyu ya bi shi. Ta dubi hannun, ta dubi gabas. Sai ta tattare zanenta, ta buɗe baki, da muryar da duk unguwa ta ji, ta kira sunan da ba ta taɓa kira ba:

"Laila! Laila, ki jira ni, ga ni nan!"

Ta sheƙa a guje, sama kuma ta ɓalle.

Ya Allah Ka jiƙan waɗanda suka riga mu, manya da ƙanana, waɗanda aka san makwancinsu da waɗanda iska ta shafe alamarsu, domin babu wanda ya ɓace a ilminKa. Ka yalwata musu, Ka sanya haske a inda suke. Ka sanyaya zuciyar kowace uwa da ta haɗiye kukanta. Wanda ya karanta wannan shafi, Ya Allah Ka jiƙan nasa mamatan, Ka ba shi damina mai albarka ba mai ɓarna ba, Ka sa ya cika da imani. Amin.